«Below the belt»: ma'ana da asalin wani salon magana na Ingilishi, da matsalar juya shi zuwa Hausa

1. Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi ba mai fassara wahala akwai salon magana, watau jerin kalmomin da ma'anarsu a haɗe ta bambanta da ma'anar kowace ɗaya a ware. Bahaushe ya san irin wannan a harshensa: wanda aka ja ma kunne ba lalle ne an taɓa kunnensa ba, wanda kuma ya ci amana bai sa kome a baki ba. Kowane harshe yana da nasa, kuma galibinsu daga sana'o'i da wasanni da al'adun masu harshen suke fitowa. Saboda haka wanda bai san gidan da salon ya fito ba, da wuya ya kama inda ya dosa.

A wannan maƙala za mu ɗauki salo guda na harshen Ingilishi, wanda ake yawan gamuwa da shi a jaridu da labaran rediyo, musamman a fannin siyasa. Salon shi ne «below the belt», ko kuwa a cike «to hit below the belt», wanda kalmominsa suke nufin bugun mutum ƙasa da abin ɗaure ƙugu. Za mu bayyana ma'anarsa, mu bi asalinsa a cikin dokokin damben Ingila, sa'an nan mu nuna dalilin da ya sa juya shi kalma da kalma yakan ɓatar da mai karatun Hausa. Manufarmu ita ce mu taimaka ma masu haɗa ƙamus da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, waɗanda sau da yawa suke aiki da rubuce-rubucen da suka ratso harsuna biyu kafin su iso gare su.

2. Ma'anar salon

Ƙamusoshi sukan taƙaita ma'anar da cewa rashin adalci ne. Wannan gaskiya ne, amma bai wadatar ba, domin rashin adalci iri-iri ne, kuma ba kowane ne Baturen Ingila zai kira da wannan suna ba. Idan aka duba yadda ake amfani da salon, za a ga sharuɗɗa uku ne suke haɗuwa.

Na farko, sai akwai jayayya a fili tsakanin mutum biyu ko ɓangare biyu, kowa ya san abokin karawarsa: ƴan takara, ko lauyoyi a gaban alƙali, ko ƴan kasuwa masu neman ciniki ɗaya, ko ma miji da mata da suke cacar baki. Jayayyar kanta ba laifi ba ce, kuma bugu mai zafi ba laifi ba ne.

Na biyu, sai akwai iyaka da jama'a suka yarda da ita, ko a rubuce ko a al'adance, wadda aka san ba a ƙetare ta kome zafin faɗa.

Na uku, sai bugun ya sauka a wurin da mutum ba ya iya karewa, wanda kuma ba shi da haɗi da abin da ake jayayya a kai. A magana, wannan wuri shi ne iyalin mutum, ko ciwonsa, ko nakasarsa, ko talaucinsa, ko wani abin baƙin ciki da ya taɓa samunsa.

Ga misali. Ƴan takara biyu suna muhawara a kan haraji. Idan ɗaya ya ce ma ɗayan lissafinka ƙarya ne, kuma ga hujja, wannan bugu ne mai zafi, amma halas ne. Idan kuwa ya ce wanda ya kasa riƙe aurensa ina zai riƙe ƙasa, to, a nan ne masu sauraro za su ce «that was below the belt». Abin lura shi ne, mai yiwuwa ne auren ya mutu da gaske. Salon ba ya zargin mai magana da ƙarya. Yana zarginsa ne da zaɓen wurin da bai kamata ya taɓa ba. Wannan shi ya raba shi da ƙazafi ko ƙage, kuma mai fassara ya kamata ya riƙe wannan bambanci.

Ta fuskar nahawu, salon yakan zo bayan aikatau na bugu, ko ya zo shi kaɗai a matsayin sifar wata magana da aka faɗa. Yana kuma da ɗan'uwa a sigar suna, «low blow», watau bugun da ya yi ƙasa, wanda ma'anarsu ɗaya ce.

3. Asalinsa a damben Ingila

3.1. Dokokin 1743

A farkon ƙarni na 18 damben Ingila da tsurar hannu ake yin sa, ba safa, kuma a cuɗe yake da kokowa. Ƴan dambe sukan tuɓe riga su bar wando, don haka bakin wandon ya zama layin da kowa yake gani, wanda ya raba jikin mutum biyu. Kuɗi masu yawa ake zubawa a caca a kan kowace karawa, kuma inda kuɗi suke, dole a nemi ƙa'idar da za a raba gardama da ita.

Wanda ya fara rubuta ƙa'ida shi ne Jack Broughton, zakaran dambe wanda ya buɗe gidan wasa nasa a birnin Landan. A shekarar 1743 ya fitar da dokoki bakwai. Marubuta tarihin dambe sukan danganta wannan da mutuwar wani abokin karawarsa, George Stevenson, bayan damben da suka yi a 1741. Dokokin sun ba wanda ya faɗi rabin minti ya tashi ya dawo tsakiyar fage. Ta bakwai ɗinsu kuwa ta hana abu biyu: bugun wanda yake ƙasa, da kuma kama abokin karawa a cinya, ko a wando, ko a duk wani wuri da ke ƙasa da ƙugu.

A lura da kyau: abin da Broughton ya hana ƙasa da ƙugu kamu ne, irin na kokowa. Amma daga wannan lokaci ƙugu ya shiga doka a matsayin iyaka, kuma a kan wannan iyaka aka gina sauran.

3.2. Dokokin 1838

Dokokin Broughton sun yi kusan shekara ɗari ana aiki da su. A 1838 aka maye gurbinsu da waɗanda ake kira dokokin fagen Landan, aka kuma yi musu gyara a 1853. Waɗannan sun fi na farko faɗi. Sun hana cizo, da ƙwaƙular ido, da tunkuyi da kai, da shuri, sun kuma bayyana a fili cewa duk naushin da ya sauka ƙasa da ƙugu, inda bakin wando yake tsayawa, laifi ne da zai iya sa a ba abokin karawa nasara. A nan ne ainihin tushen salon da muke magana a kai.

Dalilin hanin a bayyane yake. Mara da al'aura wurare ne da ƙashi bai kare su ba, motsa jiki kuma ba ya ƙarfafa su. Rago yana iya kayar da gwani idan ya same shi a nan, sai karawar ta tashi daga gwajin ƙarfi da ƙwarewa, masu caca kuma su yi asarar kuɗinsu a banza.

3.3. Dokokin Queensberry

Littattafai da dama suna cewa salon ya fito ne daga dokokin Queensberry, waɗanda su ne tushen damben zamani. Wannan magana tana bukatar gyara. John Graham Chambers ne ya rubuta waɗannan dokoki goma sha biyu, aka buga su a 1867 da sunan wani basarake mai riƙe da sarautar Queensberry, wanda ya ɗaure musu gindi. Su ne suka kawo sa safar hannu, da turmi mai minti 3 da hutun minti 1, da ƙirga daƙiƙa 10 ga wanda ya faɗi, suka kuma hana kokowa. Amma babu ɗaya daga cikin sha biyun da ta ambaci bugu ƙasa da ƙugu. Ta ƙarshensu ta ce ne kawai duk abin da ba a ambata ba, a koma ga dokokin fagen Landan da aka gyara. Ta wannan ƙofa hanin ya shigo damben zamani. Ke nan ya girmi dokokin Queensberry da kusan shekara talatin.

Haka kuma bai kamata a rikita wannan iyaka da ɗamarar ado da ake ba zakara ba, irin wadda aka fara bayarwa a Ingila da sunan Lonsdale a 1909. Salon bai shafi kyautar zakara ba. Bakin wandon ɗan dambe yake nufi.

4. Nauyin dokar a fage

Don a gane ƙarfin salon a kunnen masu harshen, yana da kyau a ga abin da wannan laifi ya jawo a fagen kansa. Ranar 12 ga watan Yuni 1930, a birnin Niyok na Amurka, Max Schmeling na Jamus ya kara da Jack Sharkey na Amurka a kan kambin duniya na ajin masu nauyi. A turmi na huɗu Sharkey ya yi naushin da ya sauka ƙasa, Schmeling ya faɗi, aka kori Sharkey, aka naɗa wanda yake kwance zakaran duniya. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa hukumar dambe ta Niyok ta sake tsari, aka dogara ga kariyar da ɗan dambe yake sawa a mara, aka daina ba da nasara nan take don mutum ya ce an buge shi ƙasa. A tsarin da ake bi yanzu, ana ba wanda aka buga har minti 5 ya farfaɗo, alƙalin wasa kuma yana da ikon rage maki ko korar wanda ya yi ta maimaitawa.

A 1996 an kori Andrew Golota, ɗan ƙasar Polan, har sau biyu a karawarsa da Riddick Bowe, a watan Yuli da watan Disamba, alhali kuwa shi ne yake kan gaba a maki duka biyun. A watan Agusta 2023 kuma, a karawar Oleksandr Usyk da Daniel Dubois, naushi ɗaya a turmi na biyar ya jawo doguwar gardama a kan ko ya sauka a kan layi ne ko ƙasa da shi. Wannan ya sa alƙalin wasa yakan nuna ma ƴan dambe inda layin yake tun kafin a fara, domin wani yakan ja wandonsa sama. A magana ma haka abin yake: kowa ya yarda akwai iyaka, gardamar kullum a kan inda take ce.

5. Daga fage zuwa bakin jama'a

A ƙarni na 19 dambe ba wasan talakawa kaɗai ba ne a Ingila. Sarakuna da attajirai suna ɗaukar nauyinsa, jaridu suna ba da labarinsa, ƴaƴan manya suna koyonsa. Don haka kalmominsa suka bazu cikin harshe. Daga nan aka samu «to throw in the towel», watau jefa tawul cikin fage, wanda yake nufin sallamawa, da «up to scratch», watau iya dawowa kan layin da aka zana a tsakiyar fage, wanda yake nufin cika ma'auni. Kafin ƙarshen ƙarnin, salon namu shi ma ya riga ya zauna a bakin ƴan siyasa da ƴan jarida da ma'anarsa ta aro.

Shahararren misali shi ne maganar da ake jingina ma Margot Asquith, matar firayim ministan Ingila Herbert Asquith, a kan David Lloyd George, wanda ya karɓe kujerar mijinta a watan Disamba 1916. An ce ta siffanta shi da mutumin da ba ya ganin abin ɗaure ƙugu face ya kai bugu ƙasa da shi. Zambon ya yi armashi ne don ta mayar da salon ga siffarsa ta asali, kuma ba zai yi ba sai don kowa ya riga ya san shi.

Ingilishi yana da waɗansu salon da suke maƙwabtaka da wannan, amma ba ɗaya suke ba. «A stab in the back», watau suka ta baya, daga wanda aka amince ma take fitowa, kuma ita ce daidai da cin amana ko yankan baya a Hausa. «It's not cricket», wanda ya fito daga wasan kurket, ana faɗinsa ga abin da mai yiwuwa doka ba ta hana ba, amma mutumin kirki ba ya yi. Bahaushe zai ce ana barin halas don kunya. Shi kuwa namu, daga abokin hamayya na fili yake zuwa, gaba da gaba, sai dai a wurin da aka haramta.

6. Matsalar juya shi zuwa Hausa

Akwai tarko huɗu da mai fassara zai iya faɗawa.

Na farko shi ne kalmar ɗamara. Idan aka rubuta «ya buge shi ƙasa da ɗamara», mai karatu ba zai ji rashin adalci ba, domin ɗamara a Hausa shiri da ƙwazo take ɗauke da su. Muna cewa an ci ɗamara ko an ɗaura ɗamara idan an shirya ma aiki, muna cewa kwance ɗamarar yaƙi, muna kiran aikin soja aikin ɗamara. A cikin waɗannan duka babu inda ɗamara ta zama iyaka tsakanin halas da haram.

Na biyu shi ne «bugun ƙasa», wanda hannu zai yi saurin rubutawa a madadin «low blow». Wannan ya fi na farko muni, domin bugun ƙasa a Hausa duba ne, irin wanda ake yi da zane a rairayi. Jimlar da take cewa ɗan takara ya kai ma abokinsa hari marar kyau sai ta koma tana cewa ya je wurin mai duba.

Na uku ya shafe mu a Nijar musamman, domin yawancin labaran da aka rubuta da Ingilishi ta Faransanci suke iso mana. Faransanci yana da «coup bas», wanda shi ma daga dambe ya fito, kuma ma'anarsa ta dace da ta Ingilishi. Amma yana kuma da «au-dessous de la ceinture», wanda kalmominsa suka yi daidai da na Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, sai dai galibi ga raha ta batsa ake faɗinsa. Idan mai fassara na farko ya bi kalmomi, na biyu kuma ya bi ma'anar da ya saba ji, sai a wayi gari an rubuta da Hausa cewa wane ya yi batsa, alhali marubucin asali cin fuska yake nufi. Kunnen Bahaushe ma can zai karkata, tun da ƙasa da ƙugu al'aura ce.

Na huɗu shi ne zaton cewa tun da muna da dambe da kokowa, hoton zai wuce ba wahala. Damben Hausa, wanda aka san mahauta da shi tun da, ana kuma yin sa da kaka, yana da nasa tsari: hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan ya zama kariya, ana yin turmi uku, ana kai shuri da ƙafa, wanda kuma ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Kokowa kuwa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, kama ƙafa da cinya yana daga cikin gwanintarta. Abin da Broughton ya haramta a 1743, shi ne abin da ake yi ma guɗa a fagen Maraɗi ko Damagaram. Wasanninmu suna da abubuwan da ba a yi, amma ba su bar mana a harshe wani salo da ya mai da ƙugu iyaka ba.

7. Shawarwari

Rashin hoton ba ya nufin rashin ma'anar. Bahaushe ya san faɗa mai iyaka sarai: taubasai suna yi ma juna ba'a mai zafi, amma kowa ya san inda ake tsayawa, kuma wanda ya wuce nan za a ce masa wannan ba wasa ba ne. Abin da ya kamata shi ne mai fassara ya tambayi kansa wane irin wuri aka taɓa, sa'an nan ya zaɓa daga cikin abin da harshe ya tanada.

a) Idan an taɓa talauci, ko asali, ko rashin haihuwa, ko wani alheri da aka taɓa yi ma mutum: ya yi masa gori.

b) Idan an tayar da tsohon baƙin ciki, kamar mutuwa ko mutuwar aure: ya fama masa gyambo, ko ya taɓa shi inda ke masa ciwo.

c) Idan an fito da abin da mutum yake rufewa, wanda bai shafi gardamar ba: ya tona masa asiri, ko ya yi masa tonon silili.

d) Idan manufar ita ce a kunyata mutum a bainar jama'a: ya ci masa fuska, ko ya ci mutuncinsa.

e) Idan aiki ne ba magana ba, kamar a ciniki ko takara: ya yi maguɗi, ko ya karya ƙa'idar wasa.

f) Idan ba a fayyace ba, ana hukunci ne kawai a kan maganar: ya wuce gona da iri.

Cin amana da yankan baya a bar su ga wanda aka amince ma, ƙazafi da ƙage kuma a bar su ga maganar ƙarya. Ga masu haɗa ƙamus, shawararmu ita ce kada a ba salon fassara guda. A fara da bayani gajere, misali «kai ma abokin hamayya hari a wurin da aka yarda ba a taɓawa», a ambaci cewa daga damben Ingila ya fito, sa'an nan a jera kalmomin Hausa tare da jimlar misali ga kowace. Ga littattafan sababbin masu karatu kuwa, a sa kalmar Hausa kai tsaye, domin wanda yake fama da haɗa baƙaƙe bai kamata a ɗora masa warware hoton wata al'ada ba.

8. Kammalawa

Mun ga cewa «below the belt» ya samo tushe daga iyakar da Broughton ya sa a 1743, wadda dokokin 1838 suka mayar haramcin naushi, dokokin 1867 kuma suka gada ba tare da sun ambace ta ba. Mun ga kuma ma'anarsa ta fi rashin adalci ƙunci: hari ne daga abokin hamayya na fili, sau da yawa da magana ta gaskiya, a wurin da aka yarda ba a taɓawa. Ingilishi ya tara wannan duka a hoto ɗaya; Hausa ta rarraba shi a kalmomi da dama, kowace da irin ciwon da take nunawa. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne a bi sauran salon da suka fito daga wasanni ta wannan hanya, a tattara takwarorinsu daga bakin masu magana a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, domin ƙamusoshinmu su riƙa ba mai fassara abin da Bahaushe yake faɗa a irin wannan hali.